Hukuncin shafa man haɗi don goge baƙin tabon fuska bayan haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Tun ina da ciki wata shida wani baƙin tabo ya fito mini a kumatu da goshi, ga shi na haihu wata huɗu ke nan bai tafi ba. Ƙawata ta kai ni wurin wata mai haɗa mai a kasuwar Kejetia, ta ce cikin mako biyu tabon zai goge, fuskar ma ta yi haske. Na fara shafawa, sai surukata ta ce bilicin ne, haramun ne, ko sallata ba a karɓa. Malam, ni magani nake nema. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ƙara miki lafiya.

'Yar'uwa, neman maganin wannan tabo halal ne, kuma ba ke kika fara ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) mai jego kan zauna kwana 40, kuma suna shafa warsi a fuskokinsu saboda tabon da ke fitowa. Warsi wani tsiro ne mai launin rawaya da ake kawowa daga Yaman. Matan sahabbai ke nan, da irin damuwar da ke damun ki, wahayi yana sauka, ba a hana su ba. Ga kuma hadisin Usama bin Sharik, inda Annabi ya ce bayin Allah su nemi magani.

Waɗanda ke haramta duk wani taɓa fuska suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane su canza halittar Allah, da hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim da ya la'anci masu zanen jiki da masu tsige gira da masu wushiryar da aka yi da gangan don kyau. Hujjar gaskiya ce, sai dai a ajiye ta a muhallinta. Imam Nawawi, da yake sharhin wannan hadisi, ya ce abin da aka hana shi ne wanda aka yi don neman ƙarin kyau, amma idan don magani ne ko gusar da aibi, babu laifi. Arfaja bin As'ad an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da gaɓa yadda Allah Ya yi ta tun farko ba canza halitta ba ne. Tabon da ciki ya kawo miki baƙo ne a fuskarki, korar sa ta halatta.

Amma mai haɗin ta yi miki alkawari biyu, kuma na biyun ne ya fi damu na: wai fuskar ma ta yi haske. Launin da aka haife ki da shi ba cuta ba ne balle a nema masa magani. Allah Ya ce a Suratur Rum, aya ta 22, saɓanin harsunanmu da launukanmu yana daga cikin ayoyinSa. Wadda ta shafa mai da nufin baƙinta ya koma fari ta shiga canza halitta, kuma abin da na rinjayar shi ne haramci. Ina faɗin haka da ciwon zuciya, domin da yawa daga 'yan matan zangonninmu ba su kaɗai suka jefa kansu ba. Samari ne ke cewa sai fara, dangin ango ne ke yaba amaryar da aka ɓoye wata guda ana dirje ta kafin biki. Namijin da ya matsa wa matarsa ta yi bilicin yana da kasonsa a zunubin, kuma babu biyayya gare shi a wannan.

To ko da niyyarki magani ce zalla, wannan man da ke hannunki ban halatta miki shi ba, saboda cutarwa. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya ce babu cuta, babu cutarwa. Man da ke haskaka fuska cikin mako biyu, a roba marar suna, galibi ɗayan abu uku ne ke cikinsa, ko duka. Akwai haidrokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ya fi na farko wuyar magani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da man kwalliya mai ɗauke da shi tun 2016, kuma bin hukuma a abin da ke kare lafiyar jama'a wajibi ne. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta yi nankarwa, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa da wuri, kuma yana iya tayar da hawan jini da sukari. Sai zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Ke kuma shayarwa kike yi, zaiba tana bin nono, jaririn kuma kullum fuskarsa na manne da taki. Haƙƙinsa ma yana wuyanki. Mai sayarwar da ta san abin da ta zuba ta ɓoye, ta faɗa cikin hadisin Muslim: wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu.

Ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata, akwai su a asibitin Komfo Anokye, ki faɗa masa tun yaushe kika fara da kuma cewa kina shayarwa. Idan akwai sitiroyid a ciki, fuska takan yi zafi da ja bayan an daina, kada hakan ya mayar da ke ga shafa man. Abin da likita ya rubuta miki don tabon, da awo da wa'adi, halal ne ko da yana rage duhun wurin. Irin wannan tabo sau da yawa yakan dusashe da kansa cikin watanni bayan haihuwa, rana ce ke ƙara masa ƙarfi, don haka ki riƙa shafa man kare rana in za ki fita, ki nemi inuwa. Ƙwayar tazarar haihuwa ma takan tsananta shi, ki sanar da likita in kina sha. Ki bar dirzar fuska da lemun tsami ko soso. Sabulu marar kaifi ya isa, sai ɗan man kaɗe lokacin hunturu idan ba ya kawo miki ƙuraje.

Maganar salla kuwa, surukarki ta yi daidai da ta tsawatar, ki gode mata, amma babu dalilin da ya ce ba a karɓar sallarki. Sharaɗi dai ruwan alwala ya isa fata. Man da ya nutse ya bar maiƙo kawai ba ya hana ruwa, ki cuɗa kamar yadda mazhabarmu ta Malikiyya ta wajabta. Wanda ya yi kauri ya daskare a kan fata, ko hoda mai hana ruwa shiga, sai an goge shi kafin alwala. Sallolin da kika yi da alwala ingantacciya ba za ki rama su ba.

Wallahu a'alam.