Amsa kan faɗuwar farashin shanshera: a sayar, a ajiye, ko a nemi a sake rufe boda?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ku manoma ne kusan arba'in a ƙungiyarku a yankin Kura, kun girbe shinkafa kun tarar farashin shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa buntu ba, bai rufe abin da kuka kashe ba. Ka tambayi abu biyu: ku sayar yanzu ko ku ajiye, sannan ko ba gara ƙungiyoyin manoma su haɗa baki su matsa wa gwamnati ta sake rufe boda ba. Allah ya mayar muku da alheri. Zan fara da ta biyun, don ita ta fi cin rai.

An gwada wannan hanya, kuma kowa ya ga inda ta tsaya. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana ba da dalar gwamnati don shigo da kayayyaki 41, shinkafa na ciki. A watan Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe bodojin ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari da Seme ba sai Disamban 2020. Noma ya ƙaru, ba mai musun wannan, kuma injinan gyaran shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. To amma wa ya kwashi ribar tsadar? Wanda ke da shanshera a sito lokacin da ta yi wuya. Ƙaramin manomi ya riga ya sayar tun da kaka, wani ma tun tana tsaye a gona ya ci kuɗinta, ya dawo bayan wata biyar yana awo da tsada kamar kowa. Bashin kuwa, a wurare da yawa taki da iri sun iso bayan lokacinsu ya wuce, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga layi, biya ya yi wuya, ƙofar ta rufe har ga masu gaskiya.

Sai iska ta juya. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, a watan Oktoba aka ɗage wancan takunkumi na dala. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da aka cire wa buntu kawai. Kusan a daidai lokacin Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta sassauta takunkumin da ta sa tun 2023, farashi ya sauko a kasuwar duniya, har ta Kwatano ma ta yi sauƙi. Shi ya sa kuka tsinci kanku a tsakani: taki da fetur da kuɗin ƙwadago suna sama, abin da kuka noma yana ƙasa.

Ra'ayina shi ne kada ku ɓata ƙarfinku a kan rufe boda. Mai awo a birni ya fi ku yawa, kuma ranar da abinci ya gagare shi gwamnati za ta buɗe ko ba ta so. Ku nemi abin da za a iya riƙewa. Na farko, duk wani sauyi a harajin shigo da abinci a sanar da shi kafin a zuba iri, kuma kada kayan waje su sauka a tsakiyar kaka. Manomi na iya jure haraji kaɗan ko mai yawa, abin da ke karya shi shi ne ya shuka a ƙarƙashin doka ɗaya ya girbe a ƙarƙashin wata. Na biyu, a cikin sanarwar 2024 ɗin an yi alkawarin tsayar da farashi mafi ƙanƙanta da sayen rarar amfani don rumbunan gwamnati. Wannan ne ya kamata ku riƙa tuna musu, amma da sharaɗin a zo da kuɗi da sikeli a wurin da manomi zai iya kaiwa, don farashin da aka faɗa a rediyo ba tare da mai saye ba ba ya ciyar da kowa. Na uku, shinkafar ciyar da ɗalibai da ta rabon tallafi a saye ta daga ƙungiyoyi masu rajista. Sannan ruwa: yashe magudanan da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Tiga da cire kachalla sun fi wa manomin Kadawa da Bunkure da kwarin Hadeja amfani a kan buhun taki ɗaya da za a raba a gaban kamara.

Yanzu ga abin da ke hannunku.

Kafin ku yanke shawarar ajiya, ku auna danshi. Shanshera ana yanke ta ne tana da danshi wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ba ta kuma ajiyuwa sai ta sauko kashi 14, idan za ta wuce wata shida 13, ta iri kuwa 12. Ga lissafin da yawanci ba a yi: kilo 100 mai danshi 24, idan ta bushe zuwa 14, za ta koma kilo 88 da ɗan ɗoriya. Wato kilo goma sha biyun nan ruwa ne, ba asara ba ne. Mai saye ya san haka, shi ya sa yake dafa buhu ya ce ɗanya ce ya zabge farashi, sau da yawa fiye da abin da ruwan ya ci. Ƙungiya mai mutum arba'in ba ta da dalilin rasa na'urar gwajin danshi ɗaya da sikeli ɗaya. Kafin ku same ta, ku zuba busasshen gishiri da hatsin a busasshiyar kwalba ku girgiza ku bar ta 'yan mintuna. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, ba ta bushe ba. Kuma ku daina sayarwa da buhu. Buhu ba ma'auni ba ne, wani an buɗa shi an ɗinka masa baki da hula, ana iya samun tazarar kilo goma ko fiye tsakanin biyu.

Shanya ita ce inda yawancin kuɗin ke zubewa, kuma ba a gani sai an kai inji. Ku yanke idan kashi 80 zuwa 85 na ƙwayoyin zangarniya sun yi launin kara, wajen wata guda bayan fure. Idan aka bar ta ta wuce, tana zuba a gona, ƙwayar kuma tana tsagewa a cikin buntunta. A buge ta a kan tamfal ranar da aka yanke ko washegari. Tulin ɗanyar shinkafa da ya kwana biyu yana ɗaukar zafi, ka tura hannu ciki ka ji kamar tukunya, daga nan ne ake samun jar ƙwaya da warin da mai girki ke ganewa tun daga ƙofar gida. A shanya a kan tamfal ko daɓen siminti, kaurin bai wuce yatsa uku ba, ana juyawa duk bayan rabin awa zuwa awa ɗaya. Rana mai tsananin zafi ta tsakar rana a tattara a rufe, haka da yamma kafin raɓa ta sauka. Ƙwayar da ta bushe ta sake shan raɓa ita ce ke karyewa a inji. Shanya a bakin kwalta kuwa ita ce uwar tsakuwa, kuma tsakuwar nan ita ta ba 'yar waje kasuwa tun farko, ba daɗi ba.

Mai inji yana lissafi ne da abin da zai fita. Shanshera mai kyau tana ba da wajen kilo 62 zuwa 67 na gyararriya a kowane kilo 100. Mai ƙaiƙayi da ƙasa da gauraye tana faɗowa ƙasa da 60, kariya kuma ta yi yawa. Gauraye matsala ce babba. Idan irin shinkafa FARO 44 ta haɗu da Jamila da wata gajera a buhu ɗaya, ba yadda za a saita inji ya dace da su duka, doguwar ta karye, gajerar ta fito da buntu. Don haka ku ware kowane iri daban tun daga masussuka, ku rubuta a jikin buhu. Idan kuka tara tirela guda ta iri ɗaya, danshi ɗaya, a fece, kun fita daga hannun dillalin bakin gona, za ku iya zama da mai kamfani kai tsaye. Ku kai samfur wa uku ko huɗu kafin ku amsa wa ɗaya, ku rubuta yarjejeniya: farashin kilo, danshin da aka amince, abin da za a rage idan ya haura, wa zai biya mota da 'yan dako, da ranar biya. Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta da kyau, don "a sauke, a dawo jibi" ya kashe ƙungiyoyi da yawa.

Game da ajiya, ba kowa ya kamata ya ajiye ba. Wanda ake bin sa bashi mai ruwa, ko wanda ke buƙatar kuɗin noman rani, ya sayar da abin da zai rufe wannan. A ɗauka, don misali kawai, bashi yana cin kashi 5 a wata: wata huɗu kashi 20 ke nan, ga kuɗin sito da buhu da dako da ɗan abin da ɓera zai ci. Sai farashi ya tashi da fiye da rubu'i kafin a ce an tsira, kuma ku tuna ta rani tana shigowa kasuwa wajen Mayu da Yuni, ba kamar gero ba da ake jira har damina. Abin da ya fi dacewa shi ne a kasa uku: kaso ɗaya a sayar yanzu a biya bashi, ɗaya a ajiye a sitonku a sayar a hankali, ɗaya a gyara a sayar a matsayin shinkafa. Siton ya zama ba ya yoyo, buhuna a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya ko fiye daga bango, a share tsohon hatsi kafin a shigo da sabo. Shanshera tana da rigarta, ta fi gyararriya jure ƙwari, shi ya sa ba a cashe ta sai an sami mai saye. Idan ƙwaro ya kama, ƙwayar hayaƙi ana sa ta ne a ƙarƙashin tamfal a rufe ruf na kusan mako guda, a ɗakin da ba mai kwana ciki ko kusa da shi, don tana kashe mutum. Piya-piya kada ta kusanci abinci. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Littafin sito a hannun mutum biyu, makulli biyu, kowane buhu da sunan mai shi da nauyinsa, kuma a ba shi takarda.

Kason da za a gyara, ku ba matan da ke gumi a garinku, Kura ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Abin da ke ɓata ta 'yar gida a wurin gumi abu uku ne: rashin wanki, jiƙo mai tsawo, da dafawa a cikin ruwa. A wanke sau biyu ko uku a kwashe holoƙon da ya taso, a jiƙa a ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba a bar ta ta kwana, kada ta wuce haka ta yi tsami. Da safe a tsane, a turara ta a kan marfi mai huji yadda tururi ne kawai zai taɓa ta, har buntun ya fara buɗe baki. A shanya a rana ta sha iska, a ƙarasa a inuwa. Ta ƙasan tukunya da ta nutse a ruwa ita ce ke fitowa baƙa. A kai injin da ke da na'urar cire tsakuwa ko da kuɗinsa ya fi, a tankaɗe kariya a sayar wa masu tuwo da masa daban, a zuba a buhu mai kilo 10 da 25 da sunan ƙungiya. Buntu da dusa ma kuɗi ne wurin masu kiwo.

Abu na ƙarshe shi ne noman baɗi, don farashin da ba ku da iko da shi ana yaƙarsa ne da yawan abin da kadada ke bayarwa. Ku sayi iri mai shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, wadda ake kankarewa a tura lamba a tantance, ku sabunta shi duk bayan shekara biyu zuwa uku. Dashe a kwana 14 zuwa 21, tazarar santimita 20 kowane gefe, ya fi yafi tsimin iri da kusan rabi kuma ciyawa ta fi sauƙin cirewa. Takin kamfa a lokacin dashe, yuriya a kasa biyu: mako biyu zuwa uku bayan dashe, sai lokacin da za ta ɗauki ciki, kuma a rage ruwan fangali kafin a watsa, in ba haka ba rabinsa ya bi ruwa zuwa gonar maƙwabci. Masu ban-ruwa da inji su duba haɗa kuɗi a sayi mai aiki da hasken rana, tunda fetur ne ya fi cin kuɗin rani. Taki kuma a saye shi a dunƙule da kuɗin kason farko, tun kafin a fara rububinsa. Idan ka turo yawan kadadar da kuka noma, da buhunan da kowa ya samu, da bashin da ke kanku, za a iya fitar muku da farashin kilon da bai kamata ku sayar ƙasa da shi ba.