Amsa: Me ya sa ake ƙorafi kan iskar kabon?

Malam, ka ce tunda iskar kabon daɗaɗɗiya ce a sararin sama, me ya kawo ƙorafi yanzu? Da gaskiyarka. Ba don ita da tururin ruwa ba, da duniya ta daskare, don su ne bargon da ke riƙe ɗumi. Iskar kabon ma ta girmi oksijin, wadda sai kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce ta yawaita.

Saurin ƙaruwarta ne abin tsoro, don bargon na ƙara kauri, ɗumi na ƙaruwa. Kafin zamanin masana'antu kusan kashi 280 take cikin miliyan na iskar sararin sama. Da aka fara aunawa a tsaunin Mauna Loa da ke Hawaii a 1958, ta kai wajen 315, yau ta haura 420. Ƙona kwal, fetur da gas ne ya fi jawo haka, sai sare dazuzzuka.