Tsuntsuna ya ƙi sabawa da ni

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Bayan ƙaramar Sallah na sayi wani ɗan tsuntsu, mai sayarwa ya ce sunansa zebra finch, kuma ba na ƙasar nan ba ne. Bakinsa ja wur, kumatunsa ruwan lemo, maƙogwaronsa da zane-zanen baƙi da fari. Shi kaɗai ne a keji. Tun asuba yake kuka har magariba, in na sa hannu sai ya yi ta bugun wayar kejin. Na so ya saba har ya riƙa hawa yatsana. Ciwo ne ke damunsa, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. In dai yana ci yana sha, gashinsa a kwance, idonsa garau, lafiyarsa lau. Kaɗaici ke damunsa.

Asalin tsuntsun nan Ostareliya ne, a busassun filayenta, kuma garke-garke suke yawo. Namiji da mace in suka haɗu, yawanci sai mutuwa ke raba su. Kukan da kake ji kira ne, yana neman ɗan'uwansa ya amsa. Ka ajiye shi shi kaɗai, to bai da aikin yi sai kiran. Ni a wurina tsare zebra guda ɗaya zalunci ne, ko da mai shi bai nufi haka ba, kuma ina jin haushin masu sayarwar da suka san wannan amma suka yi shiru don ciniki ya faɗa.

Yadda ka siffanta shi, naka namiji ne. Nemo masa mace: tokatoka take, ba ta da lemo a kumatu, ba zane a wuya, bakinta bai kai nasa ja ba. Ka fara ajiye ta a wani keji kusa da nasa na 'yan kwanaki, ka tabbatar lafiyarta, sannan ka haɗa su. Nan za ka ga tsuntsun da ka saya. A wurin nawa tsuntsayen, abin da na fi so shi ne bayan la'asar, su matsu da juna a kan sanda ɗaya, ita ta karkatar da kai, shi yana tsefe mata gashin ƙeya. In ya tsinci zaren ciyawa sai ya ɗauka a baki ya yi ta tsalle da shi gabanta.

Kada ka sa ran waƙar kanari. Ta zebra gajera ce, ta hanci, yana maimaita ta. Namiji kaɗai ke rerawa, kuma koyo yake yi daga ubansa yana ƙarami, kamar almajiri a gaban malami. Kafin ya cika kwana 90 waƙar ta zauna, ba ya sake ta har tsufa. Wannan koyon ne ya sa masana ke amfani da tsuntsun wajen binciken yadda ƙwaƙwalwa ke koyon magana. Duk da haka kowane namiji da tasa waƙar. In ka kasa kunne, za ka iya gane naka cikin taro.

Batun hawa yatsa kuwa, cire ranka. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 12 zuwa 15 ba, hannun mutum ta sama dodo ne a wurinsa. Iyakar sabonsa shi ne ya daina firgita in ka zauna kusa, ya ci abinci kana kallo. Wannan yana samuwa idan kana zuwa a hankali, a lokaci guda kullum, kana magana ƙasa-ƙasa.

Kejin ya zama mai faɗi ba mai tsawo ba, domin gefe da gefe suke tashi. Ba su gero da acca, ɗan alayyahu ko latas, da dafaffen ƙwai kaɗan. Ɓawon ma ka daka musu, mace na bukatarsa sosai don kada ƙwai ya maƙale mata. Kada fiya ta shiga kejin, guba ce gare su. Suna son wanka ƙwarai, sai ka sa musu ruwa a faranti marar zurfi da hantsi. Da bazara inuwa, da hunturu ka rufe gefen da iska ke bugowa. Ka nisanta su da hayaƙin maganin sauro da turaren wuta, ka rataye kejin inda kyanwa da ɓera ba sa kaiwa.

Sai abu ɗaya da za ka shirya masa: suna da saurin haihuwa. Ka sa musu sheƙa, mace ta zuba ƙwai 4 zuwa 6, su yi kwanci bi da bi wajen mako biyu, 'ya'yan su fito daga sheƙa bayan kamar mako uku da baƙin baki. Da zarar ta fara ƙwai, kwashe sauran ciyawar, in ba haka ba namijin zai ci gaba da gini har ya binne su. Idan kuma ɗakinka na ɗalibi ba zai ɗauki zuriya ba, kada ka sa sheƙa, ko ka haɗa shi da wani namijin. Su biyu suna zama lafiya matuƙar ba mace a kusa.