Hadarin Ƙarshen Damina: Me Ya Sa Wayata Ke Cewa Rana Alhali Ana Tafka Ruwa?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a kasuwar Terminus da ke Jos. Manhajar yanayi ta wayata ta nuna rana, na fito da kaya, da la'asar sai ga ruwa da ƙanƙara. Wayar ce ta lalace ko ƙarya suke yi?

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Ita ba ta auna komai a sararin Jos, lissafi take ɗaukowa ta intanet daga manyan kwamfutocin hasashe, galibi GFS na Amurka ko ECMWF na Turai. Waɗannan suna yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13, su ba shi amsa ɗaya. Hadarin Satumba da Oktoba kuwa sau da yawa bai kai faɗin gidan ba. Shi ya sa za a kwarara ruwa a Farin Gada, mutumin Bukuru yana shanyar kaya. Ga Jos a kan tudu, sama da mita 1,200, duwatsu suna tura iska mai laima sama, hadari ya haɗu cikin awa guda.

Hoton rana ko girgije da ke gaban manhajar ba abin dogaro ba ne, ka shiga ciki. Kashi 60 cikin 100 na nufin yiwuwar a yi ruwa a wurin, ba yawan ruwan ba. Yawan yana wurin milimita: milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. In ka ga milimita 30, rufin kwano mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai zubo lita 3,000, kwata ba za ta iya da shi ba in ya sauka lokaci guda.

Abin da ya fi amfani ga ɗan kasuwa shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Sauke manhajar Windy, buɗe shafin tauraron, ka danna alamar kunnawa ka ga tafiyar girgije na awannin baya. Hadarinmu daga gabas yake zuwa ya nufi yamma, gudunsa kusan kilomita 50 a awa. In ka ga dunƙule mai kauri a kan Bauchi yana girma, kana da awa biyu zuwa uku ka kwashe kaya. Ka haɗa da hasashen kwana uku na NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, don masu fitar da shi sun san halin hadarin nan. Hasashen kwana goma da manhaja ke nunawa kuwa, ka ɗauke shi alamar inda yanayi ya dosa kawai.

Tambaya: Gaskiya ne waya tana jawo aradu? Mahaifiyata tana sa mu kashe wayoyi da zarar an fara walƙiya.

Amsa: Hajiya ta kusa gaskiya. Wayar da ke hannunki ba ta kiran tsawa. Haɗarin yana ga wayar da ke jone a caji, domin tsawa in ta sauka kan layin wuta, ƙarfinta yana bin wayoyin lantarkin gida har soket. A cire caja, a ci gaba da amfani da wayar cikin ɗaki. In kina waje, ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, a shige gini, ban da gindin bishiya, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Tambaya: Ina da sitabilaiza, amma dikoda da talabijin sun ƙone a dare ɗaya.

Amsa: Sitabilaiza aikinta daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, tsawa ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Kuma da alama ba ta soket ta shigo ba, ta wayar dish ta biyo, ta ci dikoda, ta bi wayar HDMI da ke haɗa su ta shiga talabijin. Kashe makunni bai isa ba. Zare filogi daga bango, kwance wayar dish da ta eriya tun hadari bai iso ba, ba lokacin da ake tsawar ba. Mai sola ya sa ma'aikacin wuta ya duba ƙarfen da aka binne a ƙasa, ya ƙara masa na'urar tare tsallen wuta a gefen faifan sola da gefen wutar gari.

Tambaya: Ruwa ya dake ni, wayar ta jiƙe. In sa ta a shinkafa?

Amsa: Bar shinkafa a tukunya. Kashe wayar, cire kwali da sim, girgiza ta a hankali bakin caji yana kallon ƙasa, ajiye ta gaban fanka kwana ɗaya zuwa biyu. Caji kafin ta bushe shi ke kashe ta.

Tambaya: Manhaja ta nuna ruwa zai ɗauke, rana za ta buɗe. Akwai abin da zan yi wa laftop?

Amsa: Ka duba layin laimar iska da kibiyar iska. In laima ta riƙa sauka kwana bayan kwana, iska ta juya tana busowa daga arewa maso gabas, kaka ta shigo, hunturu na biye a Nuwamba. Daga nan abokin gaba ƙura ce. Tana toshe fankar laftop, ka ji tana gurnani, ƙasanta ya yi zafi, ta fara nauyi. Kashe ta, tare fankar da tsinken sakace don kada ta juya, ka hura ramukan shan iskarta da ɗan famfon roba na masu gyara, kada ka hura da baki. Kada a ɗora ta kan katifa. In za ka buɗe cikinta a wannan busasshen lokaci, fara taɓa ƙarfen taga ko famfo, don ɗan tartsatsin da ke tsattsage yatsa a hunturu ya isa ya lalata RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta. Faifan sola kuma a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.