Motar da ke danna birki da kanta: amsa ga yarona

Na ga tambayarka a kan motar da aka bar maka. Ka ce mai ita yana kukan in ya kunna kurus, wato na'urar da ke riƙe wa mota gudu ta riƙa bin ta gabanta, a hanyar Zariya sai ya riƙa yankewa, wani lokaci kuma motar ta danna birki da kanta alhali babu komai a gabanta, ga fitilu sun cika dashbod. Ka sa kwamfuta ka goge, ya zaga gari ya dawo sun sake kamawa. Wai ka canja rada ne, ko ka zare mata soket kowa ya huta?

Kada ka yi ko ɗaya. Da a gabana ka furta maganar zare soket ɗin nan da ka ga ɓacin raina. Abin da ke haɗa ni da ku yaran yanzu ke nan: kun ɗauka wanda ya iya latsa kwamfuta ya iya aiki. Mu da muka taso a kan Peugeot 504 ɗin da ake haɗawa a Kakuri, kunne da ido da hannu muka fara koya, kwamfuta daga baya ta zo ta same mu. Kai kuwa ko tsugunawa ba ka yi ka leƙa bayan bamba ba, ka riga ka fara lissafin kuɗin rada. Maganar batir da fiyus da suwicin fitilar birki ba zan ɓata bakina a kanta ba. In ba ka duba su ba tun kafin ka turo mini saƙo, to zaman da ka yi a garejina asara ce.

Motar nan ido biyu gare ta. Ɗaya rada ce, a bayan tambarin gaba ko a ƙasan bamba, tana harba igiyar rediyo ta wajen gigahaz 77, ta dawo mata da nisan abin da ke gaba da gudunsa. Ɗayan kyamara ce a saman gilashi bayan madubi, ita ke karanta layin titi, ta bambance mota da mutum. Kurus mai rada ba sabo ba ne, Mercedes ta sa shi a S-Class tun 1999 da sunan Distronic. Amma bai cika mana gareji ba sai bayan da Toyota ta fito da Safety Sense a 2015, har ya zama kowace Corolla ta Amurka daga 2017 da kowace Camry daga 2018 da shi take fitowa. Su ne yanzu ake sauke mana ta Legas da Kwatano, kuma da yawansu a gwanjon motocin haɗari aka sayo su. Ta ina mota ta fi bugawa? Ta gaba, daidai inda idon yake.

Ka riƙe wannan lissafin. In radar ta karkace da digiri 1 kacal, abin da idonka ba zai gani ba, to a nisan mita 100 tana kallon gefe da kusan mita 1.7. Faɗin layin titi wajen mita 3.5 ne. Digiri 2 ke nan ya isa ta bar layinta ta koma kallon tirelar da ke layin kusa, ko ƙarfen bakin gada, ta ɗauka abu ne ya tare ta. Kamar mutumin da wuyansa ya murɗe ne: idonsa lafiya lau, amma ba inda ƙafarsa ta dosa yake kallo ba. Kai kuma kana son ka canja masa ido.

Tambayarka ta tayar mini da wani miki. Akwai wani dillalin motoci, ba zan kama sunansa ba, har yau yana garin nan yana shiga sahun gaba. Ya kawo mini wata jif da ya sauke, an riga an yi mata aikin gaba an fesa fenti, tana sheƙi sai ka rantse daga kamfani ta fito. Ya ce wani babban mutum ne ya yi ciniki, amma ya ce ba zai biya ba sai fitilun nan sun mutu. Ina cire bamba na ga abin da na zata. Ƙarfen da ke riƙe radar an miƙar da shi da guduma, kunne guda ya karye an ɗaure da waya, jikin radar kansa ya tsage ta gefe, ruwan wankin mota ya shiga har fil ɗin soket sun yi kore. Tambarin gaba kuma na kasuwa ne mai ƙarfe a jiki, wanda igiyar ba ta ratsa shi yadda ya kamata. Na asali santsi ne kamar gilashi, don haka yake da tsada. Na ce masa Alhaji, abu uku za a saya: rada, mariƙinta, da tambari na asali, sannan a yi saiti. Ya dafa kafaɗata ya ce, Oga, kuɗina duk suna tashar ruwa, ka fitar da ni kunya, ranar da mutumin ya biya kai ne farkon wanda zan sallama.

A lokacin na ɗauki adashe, na ware kuɗin don in zuba kankare a garejin nan. Su na tura Legas aka sayo kayan. Na ɗaura, na ari filin wani abokina mai shimfiɗaɗɗen siminti muka yi saiti har magariba ta kawo jiki. Washegari na ɗauke shi muka hau hanya har Jaji muka juyo. Motar tana bin ta gabanta cikin natsuwa, in waccan ta rage ta rage, in ta kauce ta ɗauki gudu. Yana ta sa mini albarka. Ya tafi da mota, kuɗi sai Juma'a.

Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Sai ga shi da rana tsaka, shi da ɗan sanda da direban wanda ya sayi motar. Wai sun kusa Maraban Jos motar ta ƙame da birki a tsakiyar titi, wata bas ta daki bayanta, matar mai motar ta bugu a wuya. Wai aikina ne. A gaban yarana, a gaban maƙwabta, ya ɗaga murya yana cewa na karɓi aikin da ban iya ba, na sa masa jabun kaya.

Na ce a kwance bamba a gaban kowa. Ko da aka kwance, tsohuwar radar nan ce mai tsaga, wadda na zare da hannuna na miƙa masa a leda, an mayar da ita an ɗaure da igiyar roba, an shafe tsagar da gam. Ta wajena babu ita. Daga baya wani yaron mai fenti ya tsegunta mini cewa a daren da ya karɓi motar aka kwance sabuwar, aka ɗaura wa wata irinta da ke ajiye a filinsa, don ya sayar da biyu da kuɗin kaya ɗaya, kuɗin ma nawa. Aka goge fitilu da kwamfuta, irin gogewar da ka yi jiya, aka miƙa wa mai saye makulli kafin su dawo. Na ce wannan ba kayana ba ne. Ya shafa wa idonsa toka ya ce ita ce na sa, in kawo shaida. Yaron da ya gaya mini ya ce shi ba zai tsaya gaban hukuma ba, abincinsa a hannun mutumin yake. Manyan sana'a suka shiga tsakani, aka ce a yi sulhu, a rufa wa juna asiri. Sulhun shi ne na yafe kuɗin kaya da na aiki, kuma garejina ya gyara bayan motar kyauta. Damina biyu muka ƙara yi muna aiki a cikin taɓo saboda kankaren da ban zuba ba. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Mutane nawa ne suka ji an ce motar da na taɓa ta kusa kashe mace, kuma nawa ne daga cikinsu suka ji abin da aka gani a bayan bamba? Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake gani duk kayan da na ɗaura sai na karce shi da alamata, na rubuta lambar jikinsa a littafi, mai mota ya sa hannu. Kuna dariya kuna cewa Oga ya cika tsohon yayi. Wayar da kuke yini kuna kallon rawa a cikinta, ɗauki hoton lambar da ita, ka ɗauki na allon kwamfuta kafin ka goge komai. Abin da ka goge jiya shi ne motar take gaya maka inda ke mata ciwo, ka toshe mata baki.

Yanzu koma kan motar. Tambayi mai ita abin da aka taɓa kafin ciwon ya fara, kuma kada ka yarda da amsar farko, don kowa cewa yake ba a taɓa komai ba. An canja gilashin gaba? To kyamara ta motsa, sai an sake saita ta, in kuma gilashin mai arha ne, wurin zamanta ma ba lallai ya yi daidai ba. An sa mata ƙarfen kariya a gaba, ko an mayar da lamba kan tambari? An sha fila da fenti a bamba daidai fuskar rada? An liƙa sitika ko baƙar leda a saman gilashi? Ta faɗa rami an yi alaimen, sitiyari ya zauna a karkace? Dubi tayoyin ma, don in girmansu ya bambanta lissafin gudu rikicewa yake yi. In ƙorafin da hazon hunturu yake zuwa, ko da hantsi da la'asar lokacin da rana ke dukan gilashi, wannan ba lalacewa ba ce, kyamarar ce ba ta gani, sai ta janye hannunta ta sanar da direba.

Saiti kuwa ba a yin sa a turɓayar Panteka. Sai daɓe mai daidai, iska daidai a kowace taya, but babu kaya. A saki zare mai nauyi daga tsakiyar tambarin gaba da na baya a fitar da tsakiyar mota, a kafa allon gwaji a nisan da kamfanin motar ya rubuta, ba nisan da wani yaro ya faɗa a YouTube ba. Wasu motocin kuma sai an hau titi mai fenti a fili an yi tafiya kafin su karɓa, ka kuwa san yadda fentin titunanmu yake, sai ka nemi inda aka yi sabon aiki. In ba ka da allon, faɗa wa mai mota gaskiya ka turo shi. Ba a kintata wannan aikin.

Akwai kuma wanda ba laifin kowa ba ne a nan. A Fabrairun 2022 hukumar da ke sa ido kan lafiyar motoci a Amurka ta buɗe bincike a kan Honda Accord ta 2018 da 2019 da CR-V ta 2017 zuwa 2019, motoci wajen miliyan 1.7, saboda masu su suna kukan birkin gaggawa yana kamawa ba dalili. A Fabrairun dai ta buɗe wani a kan Tesla wajen 416,000. Can ke nan, inda titi ke da fenti da alamu, babu Keke mai yanko hanya, babu shanu. Saboda haka in ka auna komai ya zauna daidai amma tana yi jefi-jefi, duba lambar shasi ka gani ko kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja.

In ka zare soket, a motoci da yawa ba kurus kaɗai ka kashe ba, har da birkin gaggawa, mai mota kuma zai ci gaba da tuƙi yana zaton radar tana nan tana gadinsa. In shi ne ba ya son ta, akwai wurin kashewa a cikin saitin dashbod, nuna masa ya kashe da yatsansa. Ka kuma gaya masa, ko da ta gyaru, kurus ɗin nan bai cika ganin abin da ke tsaye cik ba in ana gudu sosai, littafin motar ma ya faɗa. Tirelar da ta mutu a hanyar Abuja da dare, babu fitila sai ganye da aka zuba a bayanta, ƙafarsa ce za ta tsayar da shi.