Tambaya da Amsa: Jirgin da Mutanen Gari Suka Mallaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna gardama a rumfarmu kan cewa wai a da, a ƙasar Turai, mahauta da masu kanti kan mallaki jirgin ruwa na fatauci. Ni dai ban yarda ba. Ina talaka ina jirgin teku? Daga wani ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokan gardamarka sun fi ka gaskiya. A dokar Birtaniya, jirgi kashi 64 ne, kuma a da akan rubuta sunan mai kowane kashi a rajistar tashar da jirgin yake. Lambar tana da daɗin rabo, don tana rabuwa biyu-biyu: 32, 16, 8, 4, 2, har 1. Kyaftin ya riƙe 16, maƙerin jirgin ya bar 8 a madadin cikon kuɗinsa, mahauci ya sayi 4, matar da ta ci gādon mijinta ta riƙe 2. Kamar dai yadda mutum huɗu ke haɗa kuɗi su sayi tirela mai jigilar albasa daga Gada zuwa Kudu.

Ga misali, jirgin katako da aka ƙera a 1900 a garin Connah's Quay na yankin Wales, tsawonsa kusan mita 30, da dogayen sanduna uku na ɗaura filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Kamfanin Coppack na garin ne ya sa aka yi shi, aka raɗa masa Lizzie May, sunayen 'ya'yan Kyaftin John Coppack. A 1908 Martin Fleming, ɗan kasuwar garin Youghal a Ayalan, ya saye shi ya mayar da sunan Kathleen and May, shi ma na 'ya'yansa mata. Aikinsa dakon kwal daga Birtaniya zuwa Ayalan. A 1931 ya koma hannun Kyaftin Jewell na garin Appledore, wanda ya sa masa inji ya rage filafilan sama, don a rage ma'aikata. Haka ya yi ta dako har wajen 1960.

Rabon kuɗi kuwa, tsarin da ya yaɗu a irin waɗannan ƙananan jirage shi ne a kasa kuɗin dako uku. Kashi biyu na kyaftin, shi zai biya ma'aikata ya ciyar da su. Kashi ɗaya na masu jirgi, daga nan ake gyara da inshora, abin da ya saura a raba bisa yawan hannun kowa. Rigima takan taso ne nan: masu ƙaramin hannu na son riba yanzu, jirgi kuma na son gyara.

TAMBAYA: To me ke kashe irin wannan jirgi in ba hadari ba? Daga wata ɗaliba, Mabera.

AMSA: Ruɓa, 'yar'uwa. Kuma ruwan sama ya fi ruwan gishiri ɓarna, don shi ke kwanciya a mahaɗar katako ya haifar da ruɓa. Tsakanin allunan jirgi ana cusa zaren tsohuwar igiya da guduma, a bi da kwalta mai zafi. In an yi sakaci abin ya saki, ruwa ya shiga, sai a wuni ana famfo. Akwai tsutsar teku mai huda katako ta ciki kamar gara, waje lafiya lau, ciki duk rami, shi ya sa a da jiragen da ke zuwa teku mai ɗumi akan lulluɓe ƙasansu da fallen tagulla. Kwal ma in ya zame gefe guda cikin igiyar ruwa yakan karkatar da jirgi, don haka ake baje shi da shebur ya daidaita kafin a tashi.