Musaki, Naƙasasshe da Alkakin Ƙasan Langa

Wani mai karatu daga wani ƙauye a yankin Ringim ya aiko da tambaya. Shan inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana yaro, ya koyi ɗinki da keken ɗinki na hannu, har ya ƙware a wuyan riga. Ya je neman aiki a wani shago, mai shagon bai ko buɗe ledar ɗinkin da ya zo da ita ba, ya miƙo masa naira 200, ya ce: "Allah ya kawo sauƙi, musaki." Tambayarsa: "Malam, mene ne bambancin musaki da naƙasasshe, kuma wanne ne sunana?"

Ɗan'uwa, tambayarka ta tsaya mini a rai. Naƙasa daga Larabci muka aro ta, ma'anarta tauyewa ko raguwa. Naƙasasshe shi ne wanda wata gaɓa tasa ta tauye: ido, kunne, hannu ko ƙafa. Iyakar abin da kalmar ta faɗa ke nan, ba ta ce uffan game da basira ko sana'a ba. Mutane kan ji ta kamar 'yar'uwar kasawa saboda amonsu ya yi kusa, alhali ko harafinsu ba ɗaya ba ne: naƙasa da ƙ mai lanƙwasa take, kasawa kuwa da k miƙaƙƙiya. Masu cewa "naƙasa ba kasawa ba ce" sun yi daidai har a nahawu.

Musaki kuwa a bakin Bahaushe ɗan ɗakin miskini ne, ana musanya su. Miskini a Larabci mabuƙaci ne, wanda abin hannunsa bai isa ba, ko da lafiyarsa garau. Mu ne muka ɗauki sunan talauci muka rataya wa mai larurar jiki, har ya zama da an ga gurgu sai hannu ya tafi aljihu kafin baki ya tambaye shi me ya iya. Abin da mai shagon ya yi maka ke nan: kalmar ce ta riga shi yanke hukunci. Amma duba Suratul Kahfi, aya ta 79: jirgin nan da aka huda, an ce na wasu miskinai ne masu aiki a cikin teku. Miskinan Alƙur'ani ma da sana'arsu. Kuma Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, Annabi (SAW) ya sha bar masa jagorancin salla a Madina in zai yi tafiya.

Yanzu an fi jin "masu buƙata ta musamman" a rediyo da takardun gwamnati. Ba ni da ja da ita, ladabi ne. Amma sunan da ya fi dacewa da kai a ƙofar shago shi ne tela.

Wata malamar firamare daga wajen Ɗambatta ta tambayi ma'anar "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa." Ta ce ƙaninta kurma ne, yana aikin kafinta, duk sanda aka ɗaga murya a wurin aiki ana wannan karin maganar sai ta ji kamar zagi.

Malama, sai an san alkaki ake gane zancen. In an jera shi a langa, zuma ko ruwan sukari ƙasa yake kwanciya, don haka na ƙasan ya fi jiƙa, ya fi daɗi. Ga shi kuma ba a kai gare shi sai an ɗaga na sama. Kuturun da ake ƙyamar ya taɓa kaya, ranar da ya zo da kuɗinsa shi ne zai nuna na ƙasan, mai talla kuma ta tono masa. Da ɗaci a ciki, ban musa ba, domin ta tona yadda muke. Amma ba kuturun take zagi ba, mu take yi wa shaida: mai abin hannunsa ba a zaɓa masa. Shi ya sa nake ganin alawus ɗin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamiɗo ta fara bai wa naƙasassu a Jigawa a 2007 alheri ne, amma bai kai aikin yi ba. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi hukumomin gwamnati su bai wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A karkara kuwa mai shago, mai injin niƙa da mai gona su ne ke ɗaukar aiki, su kuma abin da idonsu ya gani suke yarda da shi.

A nan ne wata karin maganar ke shigowa: "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse." Akan kawo ta ga mai cika baki don ya dogara da wani abu. Ni abin da nake gani a ciki shi ne shiri. Na taɓa tsayawa kan wani makaho a kasuwar Wudil ranar Juma'a yana tufka igiya. Ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafa, yana murza zaren a cinya, in ya ji wuri ya yi siriri sai ya warware ya ƙara. Masu shanu na jiransa, ba wanda ya ce Allah ya kawo sauƙi, ciniki ake ja da shi kamar kowa, shi kuma ba ya ragi.

To, tela na Ringim, in za ka koma, kada ka fara da dogon bayani. Ka zazzage ledar a kan teburinsa, ka juya masa cikin wuyan rigar ya ga ɗinkin, ka nemi ya ba ka yadi ɗaya na gwaji, ku yanke kuɗin aiki tun kafin ka sa almakashi. In ya sake miƙo 200, ka ce masa ya riƙe, a lissafa cikin kafin alƙalami.